Ranar da Austra ta zauna a kan allon Undine

Zuwa ga Yaya Velga,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da addu'ar wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Laimons da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? 'Yarki Inguna ta gaya mana likita ya hana ki hawa bene, ke kuma kin ce masa ai ba shi ya gina miki gidan ba. Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana ke. Mu nan Sigulda lafiya lau, sai godiya. Dusar ƙanƙara ta fara narkewa, kogin Gauja ya cika yana ta ruri a gindin tudu, ƙudan zumana kuma sun fito daga sanyin bana da ƙarfinsu. Uwargida Skaidrite tana fama da hawan jini, amma bakinta bai ragu da komai ba. Har yanzu ni ne mai laifin duk abin da ya lalace a gidan nan, har da ruwan sama. Ta ce in gaishe ki da kyau.

Kin tambaye ni a waya me ya faru da Austra bara, da kika ji an ce za a raba ta da aikinta. Na fara ba ki amsa, sai kunnen nan nawa ya hana, kina magana daga Adelaide ina ta "na'am? na'am?" kamar wawa. Shi ya sa na zauna in rubuta miki daga tushe. Ke kika riƙe ta a lokacin da ta fi bukatar riƙo, amma na san 'yata, na san ba ta gaya miki ko rabin labarinta ba.

Kin riga kin tafi lokacin da ta fara wannan wasa. Yarinya ce mai gudu tun tana ƙarama, ba a aikenta ta tafi da tafiya. Wata rana wani mai horar da 'yan wasa ya gan ta tana tsere da motar makaranta a kan hanya mai santsi, ya biyo ta har gida. Skaidrite ta ba shi shayi, ya yi ta bayanin wasan zamiyar nan da ake kira sikeleton. Da ya gama ta dube shi ta ce, "Tsaya in gane. 'Yata za ta tura allo ɗan mitsitsi da gudu, ta faɗa kansa rub da ciki, kanta a gaba, haɓarta na shafar ƙanƙara, ta gangaro kwararon can da gudun da ya fi na mota, kuma babu birki? Kai kana da 'ya'ya kuwa?" Mutumin ya ce yana da uku. Ta ce to ya je ya ɗora su. Amma Austra tana bayan ƙofa tana ji, kuma kin san jininmu. Ba a yi wata guda ba ta fara dawowa gida da haɓa a kumbure da kafaɗu duk shuɗi, tana cin baƙin burodi kamar wadda ta yi noma, tana ba mu labarin kowace kwana ta hanyar kamar sunayen ƙawayenta.

Abin da ya biyo baya kin gani a jarida. Ta ci gasar matasa, ta ci ta Turai, daga baya ta ɗauko zinaren duniya. Ranar da ta dawo garin nan kaf ya fito tashar jirgi, har tsohon malaminta na lissafi da ya taɓa cewa ba za ta zama komai ba yana gaba yana ɗaga tuta. Abin da jarida ba ta faɗa ba shi ne yadda take a gida a shekarun da suka biyo. Ta fara jan labule da rana tsaka. Ta kan zauna a kicin ta juya wa taga baya. Tana cikin magana sai kalma ta ɓace mata, kalma ƙarama irin cokali ko tawul, ta yi dariya ta ce gajiya ce. Girgizar allon nan ce take cin kan mutum a hankali, ga ƙananan bugu da ba wanda yake lissafa su. Ta san abin da ke damunta, ta ɓoye wa likitoci da mai horar da ita, don ba ta son a ajiye ta. Har ranar da ta yi wannan faɗuwar a ƙasar waje, muna kallo a talabijin, allon ya iso ƙasa shi kaɗai babu ita a kai. Ba zan sake ba ki labarin ranar ba. Ta rayu, likitoci kuma suka ce ita da allo har abada.

Ta dawo gidan nan ta zama kamar kujera. Ba ta kuka, ba ta faɗa, ba ta son jin ko ƙarar firiji. Idan iska ta kaɗo muryar mai sanarwa daga filin wasa sai ta shige ɗaki ta rufe. Ni da uwarta mun rasa yadda za mu yi. A nan ne kika kira kika ce, "Modris, turo min ita. Nan babu ƙanƙara sai a cikin kofi." Yaya, ban taɓa yi miki godiyar da ta dace ba. Ita ce ta gaya min daga baya cewa ba ki taɓa tambayarta komai ba, sai dai wata Asabar kika ja ta makarantar yaranmu na can, kika ce malamar motsa jiki ba ta zo ba, kika tura ta cikin yara kika rufe ƙofa. Ta ce ta tsane ki a ranar. Ta ce akwai wani yaro mai ƙiba da ba ya iya tsalle, ta shafe makonni a kansa, ranar da ya tsallake igiya ta ji abin da ba ta zaci za ta sake ji ba. Ta dawo mana fatarta ta yi duhu, tana cin abinci, tana zagin sanyi. Duk abin da zan ba ki labari yanzu daga ƙofar nan da kika rufe ya fito. Allah ya saka miki da alheri.

Ba da girma ta fara aikin horarwa ba. Mai zinaren duniya ce take ɗaukar wa yara alluna, tana goge musu ƙarafan ƙasa, tana ɗaure musu hular kwano, tana share majina. Wasu na cewa abin tausayi, ita kuwa ko a jikinta. A hankali yaranta suka fara cin gasa, aka ba ta 'yan matan da ke wakiltar ƙasa. Tana da tsanani, ba na musu. Suna kiranta Koci a gabanta, a bayanta kuma Janar.

A cikinsu akwai Undine, 'yar wani direban motar katako mai suna Ojars, daga wani ƙauye can gefen daji. Uwarta ta rasu tana ƙarama, uban ne ya raine ta a gaban mota. Yarinya ce siririya mai ido kamar na kyanwa, ga taurin kai, ga baki. Austra takan dawo gida tana cewa, "Baba, yarinyar nan za ta kashe ni. In na ce dama sai ta tambaye ni dalili, in na faɗi dalili sai ta ce nata ya fi." Skaidrite ta ce, "Allah sarki, ko a ina na taɓa jin irin wannan?" Amma ba a taɓa ganin mai jin ƙanƙara a jikinta kamar yarinyar ba. Austra da kanta ta ce ta fi ta.

Bara da sanyi aka sa babbar gasa a nan filinmu, wadda daga ita za a zaɓi masu zuwa gasar da ta fi kowace girma. Kowa ya san gurbin Undine ne. Ana cikin atisaye ta ɗan bugi bango da kai a wata kwana. Ta tashi tana dariya, aka duba ta nan take ba a ga komai ba, aka ci gaba. Ana jibi gasa 'yan matan suka zo cin abincin rana gidanmu kamar yadda suka saba, Skaidrite ta dafa musu wake da nama da miyar kabeji. Ni ban lura da komai ba sai hayaniyarsu. Amma na ga Austra ta ajiye cokali. Undine ta zagaya tebur ta zaɓi kujerar da ta ba taga baya. Ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi ta kuskure shi kaɗan. Can ta ce wa ta kusa da ita, "Miƙo min wancan, farin nan, abin nan dai." Gishiri take nufi.

Da aka gama Austra ta ce wa Undine ta zo ta taya ta ɗebo itace. Ina bayan rumfa ina faskare, ba su gan ni ba, ni kuma ban tashi ba. Austra ta ce, "Tun yaushe?" Yarinyar ta ce, "Tun yaushe me, Koci?" Ta ce, "Kar ki raina min hankali. Haske na sukar idonki. Kin yi amai da safe ko ba ki yi ba?" Sai Undine ta fara roƙo, ta ce sauka biyu ce kawai a kan allo, bayan gasa za ta je duk asibitin da aka ce, ta kwanta wata guda in ana so. Austra ta ce ba za ta sauka ba. Nan yarinyar ta juye. Ta ce, "Ke kin ci naki zinaren kin rataye. Don na fi ki ne ba kya so in samu. Duk garin nan an san kanki bai dawo daidai ba, shi ne kike ganin ciwo a kan kowa." Yaya, gatarin ya kusa faɗo min a ƙafa. Na jira in ji 'yata ta fashe. Sai na ji ta ce a hankali, "Gaskiya ne, bai dawo daidai ba. Shi ya sa na san naki. Ki zage ni har ki gaji, ba za ki sauka ba."

Kafin yamma labari ya cika gari. Manyan da ke kula da ƙungiyar suka kira ta, suka ce gwaji bai nuna komai ba, yarinya ta ce lafiyarta ƙalau, ita ba likita ba ce. Ta nemi a ɗauki hoton kan yarinyar a asibitin babban birni Riga, aka ce bayan gasa, ita ma Undine ta ƙi. Ɗaya daga cikinsu ya ce mata in ba za ta iya aikin ba akwai masu iyawa. A kantin burodi mata suka yi shiru da Skaidrite ta shiga. Washegari Ojars ya zo da motarsa ta katako ya toshe mana ƙofar gida. Mutum ne kamar ƙofar coci, hannunsa ɗaya ya yi nawa biyu. Ya tsaya a tsakar gida yana ihu, wai hassada ce, wai ya kwana a daji shekara da shekaru don 'yarsa ta kai wannan rana, wata gurguwar ƙwaƙwalwa ba za ta hana ta ba. Na fita na ce masa ya rage murya, ƙudan zumana na barci. Ya ce, "Dattijo, ka ja wa 'yarka kunne." Na ce, "Ojars, na gwada tun tana goye. Kai ka iya ja wa taka?" Bai yi dariya ba. Ya tafi ya bar mana ramin taya a dusar ƙanƙara.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma na ji tsoro. Na tambaye ta ko ta tabbata, don in ta yi kuskure ta gama da aikin nan, ta kuma kashe wa yarinya shekarunta. Ta ce, "Baba, ban tabbata ba. In na yi kuskure za ta tsane ni har ta tsufa. Ina so ta tsufa ɗin."

Ranar gasa da safe aka sanar an ba wani mataimaki ragamar 'yan matan, kuma sunan Undine na cikin masu sauka. Na hau can sama wurin tashi, ban san me ya kai ni ba. Jama'a cike, ana kaɗa ƙararrawa, ana busa ƙaho. Undine ta sa kayanta, fuskarta fari fat, tana tsalle-tsallen ɗumama jiki. Allonta na jingine a bango. Sai ga Austra ta ratso mutane da tsohuwar rigar sanyinta, ta kwantar da allon a ƙasa, ta zauna a kai ta harɗe hannu. Mataimakin ya ce, "Haba Koci, don Allah, ana kallonmu." Ta ce, "Su kalla. Duk mai son allon nan sai ya ɗaga ni." Aka rasa mai taɓa ta. Wa zai kama mai zinaren duniya ya ja a gaban kyamara? Hayaniyar ta jawo likitar gasar, wata baƙuwa mai furfura. Ta saurari Austra, ta dubi Undine, ta ce ta taka mata a kan layi ɗaya zuwa bakin matakala ta dawo. Yarinyar ta harari kowa, ta tafi da ƙarfinta. Wajen juyowa ƙafafunta suka lanƙwashe. Ubanta Ojars da ke cikin jama'a ne ya tare ta kafin ta kai ƙasa.

A Riga hoto ya nuna jini na tsiyaya a hankali a cikin kanta. Aka shiga da ita aiki a ranar. Likitan da ya fito ya ce da ta yi saukar nan, da girgizar kaɗai ta isa ta kashe ta, ko ba ta bugi komai ba. Austra da Ojars sun yini a benci ɗaya a barandar asibiti. Ta ce min can da rana ya tashi ya dawo da kofin shayi biyu, ya ajiye ɗaya kusa da ita bai dube ta ba.

Maganar kora ta mutu da kanta, ba wanda ya sake tayar da ita, ba kuma wanda ya ba da haƙuri. Sai wata Lahadi muna dawowa daga coci muka tarar da motar katako a ƙofar gida, Ojars yana juye mana itacen da zai ishi gida uku. Na ce wannan fa? Ya ce, "Na ji an ce naku ya kusa ƙarewa." Rumfarmu kuwa cike take har rufi, yana gani. Skaidrite ta ce ya shigo ya ci abinci. Ya zauna a kicin hularsa a gwiwa, ya dubi Austra, sai hawaye. Ta ce, "Ci abincinka, Baban Undine, zai huce." Ya ci kwano uku.

Undine ta daɗe kafin ta warke. Watannin farko ba ta son ganin Austra, kunya ce ko haushi ban sani ba. Austra ba ta matsa ba, sai dai duk mako ta je ta ɗauke ta su yi tafiya a bakin kogi, yawanci ba magana. Ta ce min ta koyi wannan a wurin Goggonta. Da likitoci suka ce yarinya za ta iya komawa, Austra ta ƙara mata wasu watanni, ta mayar da ita tashi daga tsakiyar hanya tare da ƙananan yara. Aka dawo da faɗa kamar da. Ranar da na ji Undine a tsakar gidanmu tana cewa, "Koci, ke fa Janar ce ta gaske," na san ta warke.

Watan jiya ta yi gasarta ta farko. Ni da Ojars muka tsaya can ƙasa inda ake ƙarewa. Da aka kira sunanta sai ya juya wa hanyar baya, ya kama ƙarfen shinge. Ya ce, "Dattijo, kai yaya ka yi ka jure wannan shekara da shekaru?" Na ce masa ban jure ba, tsayawa kawai nake yi. Muna jin ƙarar allon tana gangarowa daga kwana zuwa kwana, shi yana ta tambaya, "Tana ina? Tana ina?" Ta wuce mu kamar walƙiya. Ya ce, "Ta iso?" Na ce ta iso, ga ta can ta miƙe da ƙafafunta tana cire hula. Sai ƙaton nan ya zauna daɓas a cikin dusar ƙanƙara. Ba ta zo ta ɗaya ba, ko ta uku ba ta zo ba. Austra ta sauko da gudu tana haki, abin da ta fara ce wa Undine shi ne ta shiga kwanar ƙarshe kamar tsohuwa mai ɗauke da ƙwai. Undine ta ce ai ita ta koya mata. Suka rungume juna suna ta musu.

Da aka watse na ɗauko Austra a motata. Ba mu bar filin ba ta jingina kai da gilashi ta yi barci, baki buɗe, rana na dukan fuskarta. Da muka iso ƙofar gida na kasa tashinta. Na wuce, na tsallaka gada, na zagaya ta cikin daji a hankali na dawo, na sake wucewa. Skaidrite na tsaye a taga tana ganin motar mijinta na wuce gida tana komowa, ta ce ta ɗauka na fara ruɗewar tsufa. Da ta leƙo ta ga wadda ke barci a ciki, sai ta ɗaga min hannu in ci gaba.

Ki gaishe min da Laimons, ki ce masa ina nan ina jiran ya zo mu gwada kamun kifi in ga ko bakinsa ne kawai. Ki gaishe da Inguna da mijinta, da Talis, da ƙananan duka, musamman mai sunan Mama. Skaidrite na gaisuwa, ta haɗa miki safar ulu ko da yake na gaya mata ba ki da abin yi da ita a can. Austra ta ce a gaishe da Goggo, za ta kira ki da kanta in an rufe fili. Allah ya ƙara miki lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninki,
Modris